Umarnin Ɗan Sanda da Kunnen da Ba Ya Ji: Aikin Masu Fafutukar Haƙƙin Nakasassu

Kusan duk haɗuwar ɗan sanda da farar hula a kan hanya, a kan abu ɗaya take tsayawa: a ba da umarni da baki, a bi shi nan take. Tsaya. Ɗaga hannu. Ajiye abin da kake riƙe da shi. Kwanta ƙasa. Horon da ake ba kurtu a ƙasashe da dama yana cusa masa cewa wanda ya yi jinkirin bin umarni, ko dai taurin kai yake yi, ko yana ƙulla wani mugun abu. To, ina labarin wanda bai ji umarnin ba sam? Ina labarin wanda ya ji, amma ƙwaƙwalwarsa tana buƙatar lokaci kafin ta warware maganar, ko wanda hannunsa ya shanye ba ya ɗaguwa, ko mai farfaɗiyar da bai gama dawowa cikin hayyacinsa ba?

A watan Satumban 2017, a birnin Oklahoma na Amurka, 'yan sanda sun harbe wani kurma har lahira a ƙofar gidansu. Yana riƙe da guntun bututun ƙarfe, suna ta daka masa tsawa ya ajiye, maƙwabta kuma suna ta ihu cewa bawan Allah nan ba ya ji. A watan Agustan 2020, a unguwar Eldorado Park da ke Johannesburg, harbin ɗan sanda ya kashe Nathaniel Julies, yaro ɗan shekara 16 mai lalurar Down sindirom, wadda ke sa magana da saurin fahimta su yi wa mutum nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Duk ɗan sandan da ke fita aiki yana cin karo da su, ko ya gane ko bai gane ba.

A nan ne fafutukar haƙƙin nakasassu da fafutukar yi wa aikin 'yan sanda garambawul suka haɗu, bayan sun daɗe kowace tana tafiya a hanyarta. Ta farko ta girma a kan maganar makaranta da aikin yi da samun shiga gine-gine da motocin haya. Ta biyun ta girma a kan azabtarwa a caji ofis da kisan gilla da cin hanci da wariyar launin fata. Yau akwai mutanen da sana'arsu ke nan, da ita suke ci da iyalinsu. Matasa da yawa kuma suna sha'awar shiga, amma abin da suke hangowa shi ne kwalayen zanga-zanga da lasifika da hira a talabijin. A ganina wannan ɓangaren ko ushirin aikin bai kai ba. Mafi yawansa yana farawa ne bayan an naɗe kwalaye kowa ya koma gida.

Tarihin Judy Heumann ya isa shaida. Shan inna ya kama ta tana jaririya, ta tashi a kan keken guragu. A 1970 hukumar ilimi ta New York ta hana ta lasisin koyarwa, bisa hujjar cewa ba za ta iya fitar da yara daga aji ba idan gobara ta tashi. Ta maka su a kotu, ta samu lasisin. A 1973 majalisar Amurka ta yi dokar da sashenta na 504 ya haramta nuna wa nakasassu bambanci a duk shirin da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya. Doka dai ta samu, amma ƙa'idojin da za su fayyace yadda za a aiwatar da ita suka yi shekara huɗu babu wanda ya sa musu hannu. A watan Afrilun 1977 Heumann da abokan gwagwarmayarta suka shiga ginin ma'aikatar lafiya da ilimi da ke San Francisco, suka yi zaman dirshan fiye da mako uku, har sakataren ma'aikatar Joseph Califano ya rattaba hannu ranar 28 ga watan. A lura da abin da suka kwana a ƙasa dominsa: takardun ƙa'idoji ne, irin waɗanda mutum zai fara karantawa barci ya ɗauke shi. Sun gane cewa ƙarfin doka a cikin waɗannan takardun yake. Daga baya ita Heumann ta riƙe babban muƙami a ma'aikatar ilimi daga 1993 zuwa 2001, ta zama mai ba Bankin Duniya shawara kan nakasa, sannan ta yi aiki a ma'aikatar harkokin waje. Wato mutum ɗaya ta tsaya a waje tana buga ƙofa, ta kuma shiga ciki ta zauna a kan tebur, har ta rasu a 2023.

Irin wannan doguwar tafiya ake gani a Ingila. A 1972 aka tsinci gawar wani mutum mai suna Maxwell Confait a kudancin Landan. 'Yan sanda suka kama samari uku, suka yi musu tambayoyi babu lauya babu iyaye, suka fito da takardar amsa laifi. Babbansu ɗan shekara 18 ne, amma an auna fahimtarsa daidai da ta yaro ɗan shekara takwas. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Aka yi bincike na musamman, aka kafa babban kwamiti, sai a 1984 aka samu dokar da ta tsara yadda ɗan sanda zai tsare mutum ya yi masa tambayoyi. Daga ƙa'idojinta aka samu sharaɗin cewa idan wanda ake tuhuma yaro ne, ko babba mai rauni a ƙwaƙwalwa, dole a samu wani baligi da ba ɗan sanda ba ya zauna tare da shi. Shekara 12 ke nan tsakanin zalunci da gyara. Lauyoyi da masu bincike da 'yan majalisa da 'yan jarida ne suka riƙe maganar tsawon wannan lokaci, kuma da yawansu babu mai tuna sunansu. Har yau ma akwai ƙungiyoyin da aikinsu shi ne horas da waɗannan baligai da tura su caji ofis da tsakar dare, da kuma ƙorafin cewa 'yan sanda ba sa kiran su a duk lokacin da ya kamata.

Lauya shi ne wanda aka fi sani a wannan fage, amma ba kowane irin lauya ba. Akwai mai kare mutum ɗaya ya samo masa beli ko diyya, wanda aiki ne mai daraja. Akwai kuma mai zaɓar ƙara ɗaya cikin ɗari saboda ya hango cewa hukuncinta zai tilasta wa dukan runduna ta canza ƙa'ida, misali ta samar da tafintan maganar hannu kafin a ɗauki bayanin kurma, ko ta daina ɗaure kurma da ankwa ta baya, wanda daidai yake da toshe masa baki. A ƙasashen da lauyoyi suka yi ƙaranci, mataimakan lauya ne ke ɗauke da nauyin. Ba su da digirin shari'a, amma sun san awa nawa doka ta yarda a tsare mutum, sun san fom ɗin da za a cike da ofishin da za a kai shi, kuma su ke zagaya caji ofis da gidajen yari suna gano mai taɓin hankalin da aka manta da shi a tsare.

Aikin da na fi ganin ana rainawa, alhali shi ne tushe, shi ne ƙirga. Abin mamaki ne a ce a ƙasa kamar Amurka, mai rundunonin 'yan sanda kusan 18,000 masu cin gashin kansu, sai da jaridar Washington Post ta fara tattara alƙalumanta da kanta a 2015 kafin jama'a su samu cikakken hoton yawan waɗanda 'yan sanda ke harbewa. Ta gano kusan mutum 1,000 a shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar an san yana da matsalar ƙwaƙwalwa. A ƙasashe da yawa takardar da ɗan sanda ke cikewa bayan kama mutum ba ta da gurbin da za a rubuta ko yana da nakasa. Abin da ba a rubuta ba kuwa, gobe kwamishina zai miƙe ya ce bai taɓa faruwa ba. Saboda haka mai iya bin takardun kotu da rahoton asibiti da labaran jaridu, ya jera su a kwamfuta ba tare da ƙari ko ragi ba, yana ba lauya da ɗan majalisa makamin da ba su da shi. Kuskurensa ɗaya kuma ya isa a yi watsi da rahoton gaba ɗaya, domin ɗaya ɓangaren ido ya zuba yana jira.

Daga nan sai maganar horo, inda kuɗi suka fi yawa, inda kuma aka fi yaudarar kai. Bayan 'yan sandan Memphis sun harbe wani mai taɓin hankali a 1987, birnin ya ƙirƙiro wani tsari a 1988: a zaɓi wasu jami'ai, a ba su horon awa 40 kan yadda ake lallashin wanda hankalinsa ya gushe, a haɗa su da asibitoci da iyalai. Tsarin ya bazu zuwa dubban rundunoni. Binciken da aka yi a kansa ya nuna yana gyara tunanin jami'ai kuma yana ƙara kai mutane asibiti maimakon kurkuku, amma hujjar cewa yana rage kisa ba ta da ƙarfi. Dalilin a fili yake. Mako ɗaya na koyon haƙuri ba zai rinjayi watannin da aka kwashe ana koya wa mutum ya murƙushe duk wanda bai bi umarni ba, musamman idan ya ga abokin aikinsa ya karya ƙa'ida babu abin da ya same shi. Rundunoni suna son horo saboda yana da sauƙin sanarwa, masu ba da tallafi ma suna son sa saboda ana iya ƙirga kawunan mahalarta a ɗauki hoto. Ɗan fafutuka mai gaskiya zai karɓi aikin horon, amma zai tambaya: bayan horon, wace ƙa'ida aka canza, wa zai duba, me zai faru da wanda ya saɓa?

Horon da ya fi burge ni shi ne wanda nakasassun da kansu suke bayarwa. A watan Janairun 2013, a jihar Maryland, Ethan Saylor mai shekara 26, shi ma mai lalurar Down sindirom, ya ƙi tashi daga kujerar gidan sinima domin yana son sake kallon fim bai sayi sabon tikiti ba. Mai kula da shi ta roƙi jami'ai uku da suka zo kada su taɓa shi, su ɗan ba shi lokaci. Suka ja shi, suka danne shi, numfashinsa ya ɗauke. Ba a gurfanar da kowa ba. Mahaifiyarsa ta shiga fafutuka gadan-gadan, kuma a 2015 jihar ta yi dokar kafa wani shiri da sunansa, wanda ke shirya masu irin lalurarsa su tsaya gaban 'yan sanda su koyar da su. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'in da ya taɓa zama ya saurari irin wannan malami yana bayanin abin da ke faruwa a jikinsa idan baƙo ya cafke shi ba zato, da wuya ya sake fassara firgici a matsayin tawaye.

Wasu kuma sun ce tambayar ma tun daga tushe aka karkatar da ita. Me ya sa mai bindiga ne zai fara zuwa wajen wanda ciwonsa ya motsa? A garin Eugene na jihar Oregon, daga 1989 wani shiri mai suna CAHOOTS ya riƙa tura ma'aikacin jinya da mai lallashi a mota ɗaya, babu makami, su amsa irin wannan kira. Birnin Denver ya fara nasa a watan Yunin 2020, kuma wani bincike da malaman Jami'ar Stanford suka wallafa a 2022 ya nuna rahoton ƙananan laifuka ya ragu da kashi 34 cikin 100 a unguwannin da aka gwada shi. Wannan ya buɗe sabbin guraben aiki ga ma'aikatan jin daɗin jama'a da waɗanda su kansu suka taɓa fama da ciwon ƙwaƙwalwa suka samu sauƙi. Sai dai a watan Afrilun 2025, shirin na Eugene da duniya take koyi da shi ya daina aiki a cikin garin saboda rashin kuɗi. Abin ya yi mini ciwo, kuma ya ƙara tabbatar mini cewa ɗan fafutukar da bai iya karanta kasafin kuɗi ba rabin makaminsa kawai yake riƙe da shi. Rundunar 'yan sanda tana da gurbi na dindindin a kasafi. Shirin da ya zo ya rage mata kaya kuwa sau da yawa a kan kwangila yake rayuwa, kowace shekara sai an sake kare shi.

Akwai kuma masu aiki a hukumomin sa ido kan 'yan sanda, kamar IPOA da Kenya ta kafa da dokar 2011, da IPID ta Afirka ta Kudu wadda ta binciki kisan Julies. Mai bincike a irin wannan wuri ma'aikacin gwamnati ne da aka ɗora wa tuhumar wasu ma'aikatan gwamnati masu bindiga, kuma sau da yawa a hannunsu yake neman takardun da zai kama su da su. Inda abin ya yi tasiri, to an haɗa shi da bibiya. Kwamitin Chris Patten ya ba da shawarwari 175 kan 'yan sandan Ireland ta Arewa a 1999, kuma aka naɗa wani jami'i daga waje wanda aikinsa kawai ya riƙa dubawa yana ba da rahoton wacce aka aiwatar, wacce aka ajiye. Inda babu bibiya, sanarwa ce kawai ke maimaita kanta. Kafin a rusa SARS, rundunar yaƙi da fashi da makami, a Najeriya ranar 11 ga Oktoban 2020, an sha shelar yi mata garambawul a shekarun da suka gabata. Dokar haramta nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a ƙasar a Janairun 2019 ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika a 2024, kuma tambayar caji ofis nawa ne mai keken guragu zai iya shiga ya kai ƙara tana jiran wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga. Ko nasarar da aka samu ma ba ta da tabbas. A watan Mayun 2025 ma'aikatar shari'ar Amurka ta janye daga yarjejeniyar gyaran 'yan sandan Minneapolis, birnin da wani ɗan sanda ya kashe baƙar fata George Floyd a 2020, da ta Louisville, bayan canjin gwamnati.

Wanda zai shiga wannan sana'a zai tarar da wata tsohuwar taƙaddama tana jiran sa. Idan ka zauna da 'yan sanda kana rubuta musu ƙa'ida, wasu 'yan uwanka za su ce an saye ka. Idan ka ƙi zama da su, ƙa'idar za a rubuta ta ba da kai ba. Ni dai ina ganin ana buƙatar duka biyun, kuma na ciki ba shi da ƙarfin faɗa a ji sai idan na waje suna nan suna matsa lamba. Haɗarin da ke kan na ciki shi ne sabo. Bayan 'yan shekaru yana shan shayi da manyan jami'ai, sai ya fara jin nauyin faɗar abin da zai ɓata musu rai, ya koma yana kare su a gaban iyalan da suka turo shi. Maganin da na sani shi ne kada ya yanke zuwa wajen waɗannan iyalan, ya bar su su riƙa titsiye shi.

Sai maganar da ƙungiyoyi ba sa son a taɓo: su wa ke riƙe da guraben aikin? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda aka amince da ita a Disambar 2006 ta fara aiki a Mayun 2008, ta wajabta wa gwamnatoci a sashe na 4 su tuntuɓi nakasassu ta hannun ƙungiyoyinsu kan duk abin da ya shafe su, kuma sashe na 13 ya ambaci 'yan sanda da gandirobobi ƙarara cikin waɗanda za a horas. Duk da haka za ka ga ƙungiyar da ke wa'azin wannan yarjejeniya tana hawa na uku a ginin da ba shi da na'urar hawa, tana tallar aiki a shafin da manhajar makafi ba ta iya karantawa, tana neman digiri na biyu daga mutanen da makaranta ta rufe wa ƙofa tun suna yara. A ƙarshe mai lafiya ya karɓi albashi, nakasasshe a gayyato shi ranar taro ya ba da labarin wahalarsa a sallame shi da kuɗin mota. Wanda ba shi da nakasa yana da wuri a wannan aiki, babu shakka, amma ya kamata ya riƙa tambayar kansa ko kujerar da yake kai akwai wanda ya fi shi cancanta da ita.

Albashin ba shi da yawa idan aka kwatanta da abin da mai irin wannan ilimi zai samu a kamfani, kuma yawanci a kan tallafin shekara ɗaya zuwa uku yake tafiya. Hankalin masu ba da kuɗi yana bin labarai: bayan kisan Floyd a 2020 kuɗi sun kwararo, da ƙura ta lafa suka ja baya. Ga kuma nauyin da ba a rubutawa a takardar ɗaukar aiki. Mutumin da aikinsa ya ƙunshi kallon bidiyon mutuwar wani sau da dama domin ya tantance daƙiƙar da aka yi harbi, ko zama da uwar da aka kashe wa ɗa, abin yana bin sa gida. A wasu ƙasashen barazana da kamu ma suna cikin lissafi. Ƙungiyar da ba ta tanadar wa ma'aikatanta hutu da wanda za su faɗa wa damuwarsu ba, tana rasa su daidai lokacin da suka fara ƙwarewa.

Ga mai son shiga, hanyar da na ga ta fi ɓullewa ita ce ya zo da sana'a guda a hannunsa: shari'a, ƙididdiga, aikin jinya, jarida, lissafin kuɗi ko maganar hannu. Tafinta mai iya aikin kotu da caji ofis yana da wuyar samu kusan ko'ina, kuma rashinsa kaɗai yana sa kurma ya yi watanni a tsare ana ɗage shari'arsa. Ya karanta dokar 'yan sandan ƙasarsa da ƙa'idojin amfani da ƙarfi har ya fi jami'in da zai yi jayayya da shi sanin su. Ya je kotu ya zauna ya saurara. Ya nemi ƙungiyar da nakasassu ke jagoranta da kansu, ya karɓi ƙaramin aikin da suka ba shi, ko da rubuta wasiƙar tunatarwa ce zuwa ga hukumar da ta yi alkawari bara ta yi shiru.